Littafin Kano, Na Yawunde Ko Na Misra: Wanne Ya Cancanci Sefarka?

Ɗan yayata ya yi aikin hutu a wani shagon albasa a nan Garwa, ya tara jaka goma sha biyar na sefa, ya zo mini da su ƙulle cikin leda bayan la'asar. "Kawu," in ji shi, "littattafai nake so in saya, amma ba na son in yi asara. Wanne da wanne?" Na ce na mene ne? Ya ce na komai. Yana son na labari, yana son fara kiwon kaji a bayan gida, mahaifiyarsa ta ce ya taho mata da na girki, ga malaminsa na zaure ya ce lokacin Risala ya yi. Buƙata huɗu, kuɗi ƙulli ɗaya. Abin da na gaya masa ya fi ƙarfin zama ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Duk littafin da zai iso hannun Bahaushen Garwa, Marwa, Gaundare, Kusiri ko Injamena, ta ɗaya daga cikin hanya huɗu yake zuwa. Akwai na Kano da Zariya, masu biyo 'yan kasuwa ta Yola ko Mubi, galibinsu da Hausa. Akwai na Faransanci, masu hawo jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Gaundare sannan mota ta ƙaraso da su, sababbi a kanti, tsofaffi a baje a bakin titi. Akwai na Larabci, bugun Alkahira ko Berut, wasu ta kasuwar Kurmi ta Kano, wasu ta Injamena, wasu a jakar alhazai. Sai ta huɗu, wadda ba ta biyan kwastan: waya. Kowace hanya akwai abin da ta iya da abin da ba ta iya ba, kuma yawancin asarar da na ga mutane sun yi, har da ni, ta samo asali ne daga neman abu ta hanyar da ba tasa ba.

Bari in fara da kiwo da noma, don a nan ne na sha tawa. Shekarun baya na sayi wani ƙaton littafin kiwon kaji na Faransanci a wurin masu kasa littattafai a ƙasa, jaka huɗu, takarda mai sheƙi, hotuna kamar ka ciro kazar ka yanka. Ban lura cewa don ƙasar sanyi aka rubuta shi ba. Rabin maganarsa yadda za a toshe iska ne da yadda za a ɗumama ɗaki. Na bi shi sau da ƙafa, na toshe tagogin wani ɗaki mai rufin kwano, na zuba 'yan tsaki hamsin a farkon Maris. Mako uku suna lafiya lau, har ina yi wa maƙwabta kuri. Da suka fara nauyi, zafin Afrilu na Garwa ya sauko, wanda kowa ya san yana haura digiri 40, sai na riƙa shiga da azahar ina tarar da su kwance, baki buɗe, fukafukai a shimfiɗe, suna haki. Goma sha bakwai na fitar da rai. Littafin bai yi ƙarya ko ɗaya ba, da mutanen wata ƙasa yake magana, ni na tsoma baki.

Da a ce yau ne, ƙananan littattafan Agrodok zan nema. Wata ƙungiya ce a ƙasar Holan ta fitar da su don manoman ƙasashen zafi, kowanne a kan abu ɗaya: kaji, awaki, zuma, adana hatsi, da sauransu. Akwai su da Faransanci, ba su cika kai shafi ɗari ba, kuma ana samunsu kyauta a intanet, sai ka kai a buga maka. Kishiyarsu shi ne Mémento de l'agronome, wanda bugunsa na 2002 ya haura shafi 1,600. Wannan na malamin gona ne da ɗalibin jami'a. In kai mai kaji ashirin ne ko mai fadamar albasa, ko kyauta aka ba ka zai zama matashin kai. Tsakanin biyun, mai farawa ya ɗauki ƙaramin.

Na Najeriya fa? 'Yan ƙasidun noma na Hausa da ke fitowa daga wajen Samarun Zariya suna da abin da na Turai ba su da shi: damina da ƙasarsu sun yi kusa da namu, gero gero ne, dawa dawa ce, kuma za ka iya karanta wa tsohonka ya gane. Matsalarsu sunayen magani da taki da iri. Abin da suka ce ka saya a Zariya ba lallai ka same shi da wannan suna a Marwa ba. Ka ɗauki dabara a wurinsu, sunan magani kuwa ka tambayi malamin dabbobi na garinku, tunda rigakafi ma a nan kusa ake yinsa, a cibiyar LANAVET da ke Bokle, bakin Garwa.

Akwai gwajin da nake yi wa duk littafin noman da aka ce na yankinmu ne. Ina buɗe ƙarshensa in nemi masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, mutanen Chadi kuma berbere, dawar nan da ake dasawa a ƙasar laka bayan ruwa ya ɗauke, a girbe ta wajen Janairu da Fabrairu. Littafin da ya yi maganar dawa bai san da ita ba, bai taɓa taka Diyamare, yankin Marwa, ba. Wanda ya ci wannan gwaji da gaske shi ne ƙamus na noma da halittu na Fulatanci da Faransanci wanda Henry Tourneux da Yaya Daïrou suka fitar a 1998, mai ɗauke da sunan ciyawa, ƙwaro, kifi da irin ƙasa kamar yadda manomin Marwa ke faɗa. Yana da tsada, yana da wuyar samu, amma mai sayar da maganin gona ko mai aikin ƙungiyar manoma zai ci moriyar kuɗinsa. Ka kuma tuna Gaundare ba Marwa ba ce: ruwan da ke sauka a can ya kusa ninka na Marwa, don haka shawarar lokacin shuka ba ta zama ɗaya.

Littafin addini kuwa hanyar Larabci ce tasa, ba gardama. Abin zaɓi shi ne bugu. Littattafan zaure namu na Malikiyya sanannu ne: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, har zuwa Muhtasar na Halil ga wanda Allah ya ba nisa. Kowannensu za ka same shi iri biyu ko uku a kan tabarma ɗaya. Bugun Misra ko Berut ya fi tsabta, ya fi ƙarancin kuskure, sau da yawa da sharhi a gefe, amma wani ba shi da wasali, kuma mai farawa zai yi ta tuntuɓe. Bugun Kano mai fassarar Hausa a ƙasan kowane layi ya fi araha, ya fi sauƙin bita a gida, sai dai takardar ba ta da ƙwari, kuma na sha ganin inda layi guda ya faɗi a tsakiyar babin ƙabli da ba'adi, wurin da kalma ɗaya ke juya hukunci. Shawarata a nan gajeriya ce: je ka duba wanda ke hannun malaminka, ka sayi irinsa, shafi ya dace da shafi. Mai fassarar ya zama na biyu, na dubawa da dare. Haka Alƙur'ani: kafin ka biya, ka tabbata Warshu ne ko Hafsu. Yaron da ya tashi a allo da Warshu aka kawo masa Hafsu tsaraba daga Makka, zai ga kamar an sauya masa hanyar gida. Mai son ma'ana da Hausa, tarjamar Malam Abubakar Gumi tana nan tun 1979, kuma tana cikin waya kyauta, don haka ba sai ka taɓa kuɗinka ba in ba takardar kake so ka riƙe ba. Su kuwa 'yan littattafan nan na fassarar mafarki da "asirai" waɗanda ba sunan marubuci, ba sunan maɗaba'a, ba shekara, ni dai ban taɓa ganin wanda ya ƙaru da su ba sai mai sayarwa.

Yanzu labari, inda zaɓin ya fi daɗi kuma ya fi wuya. Mu a nan muna da wata matsala da Bakano ba shi da ita. Hausa muke yi a gida da kasuwa, amma makaranta da Faransanci ta koya mana haɗa baƙi. Sai ka ga saurayi mai digiri ya ɗauki littafin Hausa yana in'ina: "c" ta zame masa "k" ko "s", "u" ta fito da bakin Faransa, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa bai san me suke yi ba. Da yawa daga nan suke ajiyewa su ce ba su iya ba. Kwana uku ne kawai, in aka fara da littafin da ya dace, kuma a karanta da ƙarfi, kunne ya gyara wa ido.

Littafin da ya dace ɗin shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Labarai ne gajeru da aku ke bayarwa, a na ɗaya don ya hana ɗan sarki fita, kowanne ka gama shi kafin shayi ya huce, kuma Hausarsa ita ce ma'aunin da har yau ake auna ta kowa. Ruwan Bagaja, nasa na 1934, ya fi ƙanƙanta ya fi ban dariya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya fi nauyi, labarin bauta ne da ƙetare Sahara, kuma mutumin Chadi zai ji shi kusa da gida. In kuɗin na littafi ɗaya ne, Magana Jari Ce na ɗaya zan ɗauka, domin shi kaɗai ne za a karanta a tsakar gida kaka ta saurara, jika ya saurara.

Littattafan soyayya na Kano wani kogi ne daban. Akwai na ƙwarai a ciki, irin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ta tashi ta riƙe kanta, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Akwai kuma tarin waɗanda aka rubuta da gaggawa aka raba kashi huɗu don a ci kuɗinka sau huɗu. Kada ka sayi na ɗaya sai ka ga na ƙarshe a kan tabarmar da idonka, in ba haka ba za ka zauna da rabin labari har damina ta zagayo. Yanzu ma yawancin sababbin sun koma WhatsApp, ana biya da naira ta asusun bankin Najeriya, kai kuwa Orange Money ko Airtel Money gare ka, sai ka nemi ɗan canji ya tura maka. Kafin ka sha wannan wahala, karanta shafukan farko da suke saki kyauta. In marubuciyar ba ta iya raba kalma ba a shafi na ɗaya, ba za ta koya a shafi na ɗari ba.

Ga wanda Faransanci ya zauna masa, akwai wadda ta rubuta gidajenmu da kansu: Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa. Littafinta Munyal, wanda aka sake fitarwa a Faransa da sunan Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta 'yan sakandare a 2020, labarin mata uku ne da kalmar nan da ake cusa wa kowace amarya, munyal, wato haƙuri. Abin lura ga mai saye: littafi ɗaya ne da suna biyu, an ɗan gyara na biyun don masu karatu na Turai. Na san wanda ya sayi duka biyun yana murna. In aka ajiye shi gefe da na Balaraba, ciwo ɗaya suke taɓawa. Na Balaraba ya fi zaƙin harshe da habaici, za ka ji muryar kishiya kamar a bayan katanga take. Na Amal ya fi kusa da mu ta wuri da al'ada, amma ya fi ɗaci, kuma wasu dattawa ba za su so su gan shi a hannun 'yarsu ba. Ni na ba tawa.

Mai son tarihi sai ya yi haƙuri da harshe uku, saboda yadda aka raba ƙasar. Yola ta faɗa hannun Ingilishi a 1901, Garwa da Marwa suka faɗa hannun Jamus, daga baya Faransa, sai tarihin masarauta ɗaya ya rabu gida-gida. Ɓangaren Yola da zuriyar Modibbo Adama yana cikin littafin Sa'ad Abubakar na 1977, The Lamibe of Fombina, da Ingilishi. Ɓangarenmu yana hannun Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa da ya rasu a 2004, wanda ya bi fada-fada yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa, ya rubuta na Garwa, na Marwa da Pette, na Rai Buba, da Faransanci. Tushen jihadin Shehu Ɗan Fodiyo kansa yana cikin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Larabci, akwai kuma fassararsa ta Hausa. Mai tambayar yadda kakanninmu fatake suka bazu har nan, ya nemi littafin Mahdi Adamu na 1978 a kan Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ko labarin Rabe, wanda aka kashe a Kusiri a Afrilun 1900 rana ɗaya da Kwamanda Lami na Faransa, yadda littafin Faransa zai ba ka shi daban ne da yadda na Barno zai ba ka. Waɗannan ba na saye ba ne ga mai jaka goma sha biyar. Na zuwa ɗakin karatu ne, Aliyans a Garwa, CEFOD a Injamena, ko jami'o'in Gaundare da Marwa.

Girki, ɗinki, gyaran babur da gyaran waya: a nan waya ta kayar da takarda, kuma ba na jin kunyar faɗa. Littafin girki na Faransa yana auna komai da giram, yana neman tanda mai lamba da cukuin da ba a sayarwa a kasuwar Yelwa. Na Kano ya fi kusa da tukunyarmu, amma bai san folere da tasba yadda ake yinsu a nan ba, kuma yadda ake murza alkaki ko naɗa nakiya ido ne ke koya. Tela ma haka: littafin Najeriya da inci yake awo, tef ɗinka da santimita. Mahaifiyar yaron nan na ce ya saya mata kati, ya nuna mata inda ake kallo.

Na kasuwanci su ne suka fi cika bakin titi, su ne kuma na fi shakka. Irin su Père riche, père pauvre za su zuga ka kwana biyu, amma misalansu na gidaje da bashin bankin Amurka ne. Karanta ɗaya a aro ya isa, sauran maimaici ne. Abin da ɗan kasuwar nan yake bukata shi ne ƙaramin littafin lissafin shago da dokar kasuwanci, kuma a nan hanyar Kano ba ta da amfani ko kaɗan, domin Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA, Najeriya ba ta ciki. Ko na Faransancin ma duba shekara: an sauya tsarin lissafin daga Janairun 2018, wanda aka buga kafin nan ya tsufa.

Maganar shekara ta fi tsanani a littafin lafiya. Là où il n'y a pas de docteur na David Werner, bugun Afirka da aka yi a Dakar, littafi ne da ya kamata a samu a gidan da asibiti ke nesa: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, alamun da ke cewa a ɗauki yaro yanzu-yanzu, wankin rauni. Sai dai tsofaffin bugu suna nan suna yawo a kasuwa suna cewa a sha kulorokin don zazzaɓin cizon sauro, alhali an daina dogara da shi tun farkon shekarun 2000. Tsohon Magana Jari Ce daidai yake da sabo. Tsohon littafin magani kuwa yana iya kai ka inda ba ka nufa ba.

Ƙamus ɗaya ya cancanci a tara masa kuɗi: na Faransanci zuwa Hausa na Bernard Caron da Ahmed Amfani, 1997. Mu da ke tsakanin harsunan nan biyu kullum, ya fi mana amfani a kan na Bargery na 1934, duk da girman Bargery, tunda shi da Ingilishi yake bayani. Na yara kuwa, littafin makaranta kada a saya a bakin titi sai an riƙe jerin da ma'aikatar ilimi ta fitar na bana a hannu.

Kowanne ka zaɓa, kada ka biya a tsaye. Tsuguna ka buɗe tsakiya, ka ƙirga shafi goma a jere, domin na jabu da aka yi da injin kwafi sukan tsallake shafi goma sha shida a tashi ɗaya, ko su maimaita. Shafa yatsa a kan rubutun ka ga ko tawada na bin hannu. Riƙe bangon ka girgiza kaɗan: wanda aka ɗinke zai zauna, wanda aka manna da gam zai fara zubar da ganye kafin zafin bazara ya wuce. A gida kuma kada ka jingina shi da bangon ƙasa. Gara ta cinye mini juzu'i na biyu na Magana Jari Ce a damina ɗaya, ta bar mini bango kamar sabo, sai da na ɗauka na ji ba nauyi.

Yaron ya dawo bayan kwana biyu. Ya sayi Risala irin ta malaminsa, da Magana Jari Ce na ɗaya da na uku, don na biyun bai samu ba. Ya kai Agrodok na kaji an buga masa an ɗinke da zare, ya saya wa uwarsa kati. Jaka huɗu suka rage, ya ce na 'yan tsaki ne, amma sai Nuwamba. Na tambaye shi wa ya gaya masa Nuwamba. Ya ce, "Kai, Kawu. Da kajinka goma sha bakwai."